Ta Ina Ake Samun Kwastoman Farko? Amsa Ga Wani Matashi Daga Samaru

Wani matashi daga Samaru ya aiko da tambaya cewa ya gama karatu da bautar ƙasa, ya koyi zanen talla da tsara takardu a kwamfuta, ya kuma buɗe shafi a Fiverr da Upwork, wato shafukan intanet na ƙasashen waje da ake haɗa masu ba da aiki da masu yin sa, tun watannin baya, amma har yanzu babu wanda ya ba shi aikin ko sisi. 'Yan'uwa da abokai suna kawo masa aiki, sai dai da godiya da addu'a suke sallamarsa. Yana son ya san ta inda zai fara samun mutanen da za su biya shi kuɗin aikinsa.

Ƙanena, Allah ya yi wa nemanka albarka. Kafin mu shiga maganar inda za ka je da abin da za ka faɗa, ina so ka fara duban lamarin ta wajen mutumin da zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba ka. Abu biyu yake tsoro, wato kada kuɗinsa su salwanta, kada kuma lokacin da yake bukatar aikin ya wuce ba a gama ba. Gwanintarka ba ta kawar masa da wannan tsoro, domin bai gan ta ba tukuna. Abin da yake kawar masa da shi shi ne shaidar wani wanda ya yarda da shi. A Fiverr da Upwork taurari da sharhin waɗanda aka taɓa yi wa aiki su ne shaidar, kai kuwa ba ka da ko ɗaya, alhali kana gogayya da mutanen Indiya da Pakistan da Bangladesh waɗanda suka shekara suna tara su. A Zariya kuwa shaidar ita ce wanda ya san ka, ya san gidanku, ya san malaminka, kuma wannan jari ka riga ka mallake shi ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Saboda haka shawarata ita ce ka bar shafukan nan a buɗe, amma ƙarfinka na watannin farko ka zuba shi a cikin garin da kake zaune.

Gyaran farko a bakinka yake. Idan ka ce wa mai makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada kana yin zanen kwamfuta, zai yi maka fatan alheri ya ci gaba da harkarsa, domin bai ji sunan wata damuwarsa a cikin maganarka ba. Idan kuwa ka ce masa kana tsara takardar sakamakon jarrabawa, da fom ɗin ɗaukar sababbin ɗalibai, da katin shaidar ɗalibai, da takardar tallar da ake rabawa kafin a koma sabon zango, to ka ambaci abubuwa huɗu da yake kashe wa kuɗi kowace shekara, ko da kai ko babu kai. Ka zaɓi rukunin mutane ɗaya ko biyu, ka san takardun da suke bukata, ka san lokacin da suke bukatarsu, ka kuma iya faɗin abin da kake yi musu a cikin jimla ɗaya wadda wani zai iya maimaita wa wani a bayan idonka. Sababbin shiga suna gudun wannan taƙaitawa don suna ganin za ta rage musu kasuwa, alhali mutumin da ya ce yana iya komai ba a tuna shi idan wata bukata takamaimai ta taso.

Zariya kuwa gari ne da takarda take da kasuwa a cikinsa fiye da garuruwa da yawa masu girmansa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da harabar Samaru da ta Kongo da asibitin koyarwa a Shika. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ban da makarantun sakandare da na Islamiyya da suka cika unguwanni. Sai dai ka lura da bambanci tsakanin hukumar makaranta da mutanen da suke cikinta. Hukuma ba ta ba sabon shiga aiki cikin sauƙi, domin za a nemi rajistar kamfani da takardar haraji, kuma ko an ba ka aikin, biyan yana bin matakan ofis da za su iya cin watanni. Waɗanda za ka nema su ne malamin da zai gabatar da maƙala a taro yana bukatar a tsara masa allunan bayani, da sashen da zai shirya taron ƙara wa juna sani yana bukatar sanarwa da littafin taƙaitattun maƙaloli da takardun shaidar halarta, da ɗalibin digiri na biyu ko na uku da aka mayar masa da kundinsa saboda tsarin shafuka da jadawali bai bi ƙa'idar makaranta ba, da ƙungiyoyin ɗalibai masu fitar da mujalla a ƙarshen shekara. Waɗannan duka daga aljihunsu ko daga asusun kwamiti suke biya, kuma a ranar suke biya. In a nan ka yi karatu, malaman sashen da ka yi karatun su ne ƙofarka ta farko; ka je ofis ka gaishe su, ka nuna musu abin da hannunka yake iyawa yanzu.

A nan dole in ja kunnenka a kan abu ɗaya, domin za a kawo maka shi tun kafin ka nema. Tsara kundin ɗalibi da gyara masa jadawali sana'a ce halattacciya, amma rubuta masa kundin gaba ɗaya don ya sa sunansa ha'inci ne, kuma malaman da kake fatan su riƙa turo maka aiki su ne za su fara gane hannunka a ciki. Kuɗinsa suna da sauri, amma sunan da zai bar maka a cikin jami'a ba ya wankuwa.

Rukuni na biyu su ne 'yan kasuwa: masu shaguna a Sabon Gari da PZ, maɗinkan babbar riga da hula na cikin Birni, masu sayar da iri da taki da maganin feshi, masu kemis, da kuma matan da suke sana'a daga gida suna tallata turaren wuta da atamfa da kayan ƙwalam a WhatsApp da Instagram. Abin da zai taimake ka da su shi ne sanin kalandar garin. Makarantu suna neman sababbin ɗalibai kafin a koma karatu a watan Satumba, don haka a Yuli da Agusta ake zuwa musu. Maɗinka da masu sayar da yadi suna bukatar talla tun daga Sha'aban zuwa farkon azumi, domin a goman ƙarshe ba su da lokacin ɗaga kai su saurare ka. Masu kayan noma kafin faɗuwar damina suke neman manoma. Bayan kaka kuma bukukuwan aure suna yawaita, tare da katin gayyata da kalanda da sitika. Wanda ya zo wa ɗan kasuwa wata guda kafin lokacin cinikinsa ya zo masa da taimako, wanda ya zo a tsakiyar cinikin kuwa ya zo ne ya tsare masa ƙofar shago.

Akwai wata hanya da matasa suke rainawa, ni kuwa ina ganin ita ce mafi sauri ga wanda yake a matsayinka, wato karɓar aiki daga hannun masu maɗaba'a da masu shagunan buga takardu. Garin nan ya daɗe da sanin ɗab'i. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma har yau ƙananan maɗaba'u suna nan birjik a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Mai maɗaba'a ya riga ya tara kwastomomi, kuma a lokacin da aiki ya yi masa yawa babban ciwon kansa shi ne wanda zai tsara masa zane da sauri ba tare da kuskure ba. Kamar yadda yaron tela yake fara cin abinci da ɗinkin da ya yi wa maigidansa yawa a jajiberin salla, haka kai ma za ka iya fara samun kuɗi da ragowar aikinsa. Kuɗin ba za su kai na wanda ya samo kwastoma da kansa ba, amma suna zuwa a kai a kai, kuma a can za ka koyi abin da darasin intanet ba ya koyarwa: cewa yawancinsu da manhajar zane ta CorelDraw suke aiki, cewa launin da ka gani a fuskar kwamfuta ba shi ne yake fitowa a takarda ba sai ka tsara shi da launukan injin bugu, cewa ana barin rara a gefen zane saboda yanka, da cewa wasu nau'o'in haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a buga sunan mutum da akwati a tsakiyarsa. Sharaɗin wannan hanya ɗaya ne, kada ka taɓa zagayawa ka janye kwastoman wanda ya ba ka aiki. Masu wannan sana'a sun san juna, kuma labarin cin amana yana riga mai shi isa shago na gaba.

Duk inda za ka je, kada ka je hannu rabbana. Gani ya kori ji, kuma samfurin da ya fi aiki shi ne wanda aka yi da sunan mutumin da za a nuna wa. Ka duba allon shagonsa ko jerin farashin da yake turawa a WhatsApp, ka sake tsara shi da kyau, ka buga a takarda mai kauri, ka tafi da shi tare da wasu samfura uku ko huɗu na irin sana'arsa. In da hali, ka sa wanda ya san ku duka ya gabatar da kai, ko ya kira shi a waya kafin ka isa. Ka zaɓi lokacin da shago ya lafa, ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata, sa'an nan ka miƙa takardar ka ce ka ga kayansa sun burge ka shi ya sa ka gwada wannan. Kada ka kushe tsohon allonsa, domin mai yiwuwa ɗansa ko ƙaninsa ne ya yi. Idan mace ce mai sana'ar gida, ka bi ta hannun yayarka ko ƙanwarka ko mijinta, ko ka tura saƙo a rubuce cikin ladabi da rana. Mata suna yaɗa labarin mai aiki nagari a tsakaninsu da sauri ƙwarai, haka kuma suke yaɗa labarin marar kamun kai. Mafi yawan waɗanda za ka je wa za su ce sai sun neme ka, kuma wannan ba kora ba ce. Ka rubuta sunan shagon da ranar a littafi, ka koma bayan makonni idan lokacin bukatarsu ya kusa, domin sau da yawa a zuwa na biyu ake yin ciniki.

Game da 'yan'uwa da abokai masu biya da godiya, laifin ba nasu ba ne kacokan, tun da ba ka taɓa faɗa musu farashi ba. Ba zan ce ka daina yi wa iyaye da masallacin unguwa aiki don Allah ba, wannan alheri ne kuma yana da ladansa. Amma wanda zai yi amfani da aikinka ya nemi kuɗi, ko ɗan'uwanka ne, ciniki ya kawo maka. Hanyar da ba ta ɓata zumunci ita ce ka faɗi farashin tun kafin ka taɓa aikin, sa'an nan ka yi ragi a bayyane, ka ce wannan aiki naira dubu goma kake yin sa, amma shi ya kawo dubu bakwai saboda 'yan'uwantaka. Ta haka ya san darajar abin da ya karɓa, kuma idan wani ya tambaye shi nawa kake yi, dubu goma zai ce. Idan kuma ka ga dacewar yin aiki kyauta don ka samu abin nunawa, ka zaɓi wanda jama'a suke ganin kayansa, ka gaya masa a fili cewa ladanka shi ne ya yarda ka nuna aikin, ya kuma haɗa ka da mutum biyu masu irin bukatarsa.

Wajen yanke farashi, ka fara da lissafin abin da aikin yake ci: data, cajin kwamfuta ko man janareta, kuɗin keke napep zuwa da dawowa, bugun samfuri, da awannin da za ka zauna. Sa'an nan ka tambayi masu maɗaba'a abin da ake biya a gari, ka tsaya kusa da shi. Karya farashi ƙasa da kowa yana jawo kwastoman da ya fi kowa wahalarwa, kuma ranar da ka so ƙarawa zai ga kamar ka cuce shi. Ka bar ɗan wurin ragi, domin mutanenmu ba sa jin daɗin cinikin da ba a yi tayi a cikinsa ba. Abin da ba na so ka yi sassauci a kansa shi ne kafin alƙalami. Ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fara, ragowar kuma kafin ka miƙa aikin na ƙarshe. Abin da za ka tura don a duba ya kasance ƙaramin hoto mai ɗauke da tambarinka a kansa, wanda ba zai bugu da kyau ba. Wanda ya ƙi ba da rabi a farko, da wuya ya ba da duka a ƙarshe. Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a kan aikin kamfe na 'yan siyasa, wanda shi kam a karɓi kuɗinsa cif kafin a fara, domin bayan zaɓe wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba ya ganuwa.

Duk abin da kuka yi magana a kai, ko a baki ko ta saƙon murya, ka mayar da shi rubutu ka tura masa a WhatsApp: abin da za a yi, nawa ne, ranar da za a miƙa, da cewa gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa daban. Ka roƙe shi ya amsa da cewa ya amince. Wasu suna jin nauyin yin haka da babba, suna ganin kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali. Haka kuma kada ka saki aiki saboda an turo maka hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, domin alat na bogi ya zama ruwan dare.

Idan ka samu aikin farko, to ka sani na biyu da na uku a cikinsa suke. Ka san halin wutar lantarki da na sabis a garin nan, don haka aikin da za ka iya gamawa Talata ka ce Laraba, ka kai shi Talata. Ka karanta kowane suna da kowace lambar waya sau biyu kafin a buga, domin kuskuren lamba ɗaya a kan takarda dubu asara ce da za a ɗora maka. A ranar da ka miƙa aiki mai shi yana murna, a ranar ake neman alfarma: ka roƙe shi ya rubuta maka layi biyu na shaida ko ya yi saƙon murya, ya sa aikin a sitatus ɗinsa tare da lambarka, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai wani abokin sana'arsa da yake ganin zai bukaci irin wannan. Da rashin tayi akan bar arha. Mutane da yawa za su haɗa ka da wasu da farin ciki, amma ba zai faɗo musu a rai ba sai ka tambaya. Ka buɗe WhatsApp Business, wanda kyauta ne, ka jera ayyukanka a cikin kundin kayansa, don duk wanda aka ba lambarka ya ga aikin kafin ya yi maka magana.

Sai mu dawo kan shafukan ƙasashen waje, domin ban ce ka watsar da su ba. Ka san lissafinsu tukuna. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, kuma sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 bayan kammala aiki kafin ya iya cire kuɗinsa. A Upwork kuwa kowace takardar neman aiki tana cin wasu maki da ake saya da dala, saboda haka tura takardu barkatai asarar kuɗi ce. Inda kake da fifiko a can shi ne abin da ɗan Indiya ba zai iya ba, wato Hausa: fassara, mayar da magana rubutu, naɗar murya, da tsara takardun wayar da kai na lafiya ko noma cikin Hausa mai bin ƙa'idar rubutu, da ƙugiyoyinta a inda suka dace. Masu neman wannan ba su kai masu neman tambarin kamfani yawa ba, amma masu iya shi da kyau sun fi ƙaranci. Idan za ka nemi aiki, ka zaɓi wanda aka sanya a ranar, ka fara da maganar abin da mai aikin ya ce yana bukata, ka haɗa da samfuri ɗaya mai kama da shi daga cikin ayyukan da ka yi a Zariya, ka bar dogon tarihin karatunka. Kuɗin kuma ana iya karɓarsu ta Payoneer, wato wani kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe, a sauke su a asusun banki na gida.

Ka kiyayi abu uku a can. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ko na tantancewa kafin ya ba ka aiki ɗan damfara ne. Duk wanda ya ce ku bar shafin ku koma Telegram tun kafin a ƙulla aiki yana so ne ya fitar da kai daga inda ake riƙe kuɗin aiki a hannun amana, kuma shafin da kansa yana iya rufe maka asusu saboda haka. Na ukun ya fi haɗari, shi ne wanda zai ce ka ba shi hayar asusunka ko katin shaidarka ya riƙa biyanka duk wata. Duk ɓarnar da ya yi da sunanka za a rubuta ta, kuma kai hukuma za ta nema. Haka nan kada ka ɓoye ƙasarka ka ce kana Amurka ko Ingila, domin ranar da aka nemi ka tabbatar da shaidarka asusun zai tafi tare da kuɗin da ke cikinsa.

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ba sharaɗi ba ce ga aikin farko, kuma ban ga dalilin da zai sa ka ci bashi don ita yanzu ba. Lokacinta shi ne ranar da wata makaranta ko ƙungiya ta ce ba za ta biya cikin asusun mutum ba sai na kasuwanci, ko ta nemi takardar neman biya mai ɗauke da lambar rajista. Ka riƙa ware wani abu daga kuɗin ayyukan farko saboda wannan rana, domin da takardar rajistar ne banki zai buɗe maka asusu da sunan sana'arka, da ita kuma za ka iya shiga neman ayyukan hukumomin da na ce ka jinkirta a farko.